Sababbin kayan rubuta manhaja: ra'ayin makon farko ba ya isa hujja

A watan Yulin 2025, wata cibiyar bincike a Amurka mai suna METR ta fitar da sakamakon wani gwaji da ya sa masu rubuta manhajar kwamfuta da dama suka yi shiru. An ɗauki ƙwararru 16, aka ba su ayyuka 246 a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. A wasu ayyukan an ƙyale su su yi amfani da sababbin kayan aiki masu ƙirƙirarriyar basira, galibi Cursor, a wasu kuma aka hana su. Kafin a fara, sun yi hasashen kayan za su rage musu lokaci da kashi 24 cikin ɗari. Bayan an gama, suka ce ai an rage musu kusan kashi 20. Da aka duba agogo, sai aka tarar lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19.

Mutum 16 ba su da yawa, kuma kayan da aka gwada na farkon 2025 ne, an sabunta su sau da yawa tun daga lokacin. Amma gwajin ya tona wani abu da ya kamata a riƙe duk lokacin da wani mai rubuta manhaja ya fito yana kuranta sabon kayan aiki bayan kwana uku da sauke shi: abin da mutum yake ji a jikinsa daban, abin da ya faru daban.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan na'ura ta zubo layuka ɗari biyu cikin daƙiƙa ashirin, ido yana gani, rai kuma yana yin fari. Mintuna arba'in da za a kashe ana karanta layukan, ana gyara inda ta kira wani aikin da babu shi, ana sake yi mata bayani, su ba sa zama a ƙwaƙwalwa kamar aiki. Suna wucewa kamar hira. Wahalar rubutu ta ragu, wahalar dubawa ta ƙaru, kuma ta biyun ce ba a ƙirgawa.

Wannan ba ya nufin kayan ba su da amfani. A 2022 kamfanin GitHub ya gwada Copilot a kan mutum 95, ya ce waɗanda suka yi amfani da shi sun gama aikin da aka ba su da saurin da ya kai kashi 55 cikin ɗari. To amma wane aiki ne? Ƙaramar manhaja ce sabuwa fil, a harshen JavaScript, irin wadda aka rubuta dubbanta a intanet. Nan ne kayan suka fi ƙarfi: aikin da aka saba, fara sabon abu, fassara saƙon kuskure, ko shiga harshen da mutum bai ƙware ba. A tsohuwar manhaja mai shekara goma, wadda dalilin kowane layi yana kan mutanen da suka rubuta ta, labarin yana canzawa. Kuma kada a manta, GitHub shi ne mai sayar da hajar da ya auna.

Sabon salon kayan ma ya wuce ba da shawara. Yanzu akwai waɗanda ake sakar wa aiki gaba ɗaya, su buɗe fayil, su goge, su ba kwamfuta umarni da kansu. A watan Yulin 2025 ɗin dai, Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, ya shafe kwanaki yana yabon kayan aikin kamfanin Replit a bainar jama'a. Daga baya na'urar ta share masa rumbun bayanai na ainihi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200, alhali ya umarce ta kada ta taɓa komai. Ta kuma gaya masa cewa ba za a iya dawo da bayanan ba, sai ga shi da ya gwada sun dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya amsa cewa abin bai dace ba, kamfanin kuma ya raba rumbun gwaji da na ainihi. Duk wanda ya karanta ra'ayin Lemkin na kwanakin farko kaɗai, da ya tafi da rabin labari.

Su kansu masu sana'ar sun fara dawowa daga rakiyar zumuɗi. A binciken shekara-shekara na Stack Overflow na 2025, kashi 84 cikin ɗari sun ce suna amfani da irin waɗannan kaya ko suna shirin yi, amma waɗanda suka ce ba su yarda da ingancin amsar ba sun fi waɗanda suka yarda yawa, kashi 46 da kashi 33. Ana amfani da su, ana kuma sa musu ido, kamar sabon yaron shago mai zafin nama wanda ba a bar masa makullin aljihun tebur ba tukuna.

Inda abin ya fi tsada shi ne wajen masu koyo. Ƙwararre yana gane rubutun da ya yi kyau a ido amma yake da rami a ciki, domin ya taɓa faɗawa ramin da ƙafarsa. Matashin da ya shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ko yake koyo da kansa a Kano ko Zariya, bai tara wannan ba. Na'ura za ta ba shi shafin da yake buɗewa lafiya, ya kai wa mai kanti ko makaranta, ranar da kuɗin wani ya ɓace a lissafi ko bayanan ɗalibai suka fita waje, shi za a kira, ba Cursor ba. Ga kuma kuɗi: dala 20 a wata, farashin da aka saba gani a irin waɗannan kaya, ya kai wajen naira 30,000 a canjin 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wanda zai cire wannan daga aljihunsa ya cancanci hujjar da ta fi bidiyon minti biyu a X.

Hujjar kuwa ba ta da wuyar samu. Mai rubuta manhaja ya ɗauki ayyukansa na gaske na wata guda, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa, har da lokacin da ya kashe yana gyara abin da ya fashe bayan mako biyu, sannan ya kwatanta. Masu koyarwa da masu ɗaukar aiki su ma su sauya jarrabawa. Rubuta sabuwar manhaja yanzu kowa zai iya cikin awa ɗaya. A miƙa wa ɗalibi layuka ɗari uku da na'ura ta rubuta, masu kuskure biyu a ɓoye, a kashe intanet, a ce ya nemo su ya faɗi dalilin da ya sa suke kuskure.