Mai Shan Ɓoye da Tuƙin Dare

Duk wanda ya nazarci waƙar da Mu'azu Haɗeja ya yi a kan giya ya san cewa Bahaushe bai taɓa rasa bakin zargin mashayi ba. Muna cewa ya bugu, ya yi tatul, ya yi mankas, in kuma muna son sakayawa mu ce ya sha ruwa. Amma a nemo mini kalma ɗaya tak da muke kiran halin da mutum kan shiga in jikinsa ya kai ga ba ya iya zama sai da ita. Ni dai na duba, abin da na samu duk na ba'a ne da tsinuwa.

A nawa ɗan ganin, wannan giɓi yana da hannu a jinin da ake zubarwa a kan hanyoyinmu. Tun da jihohin Arewa suka fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, Zamfara a gaba, sha a fili ya ragu ainun, kuma ba ni da ja a kan haka. To amma wanda ya riga ya kamu bai daina ba, nesa kawai ya ƙara. Zai bar unguwarsu ya tafi bayan gari inda ba mai gane shi, ya sha, sa'an nan dare ya raba. Ba zai kira ɗan'uwa ya ɗauko shi ba, don kada asiri ya tonu. Sai ya tauna goro, ya wanke fuska, ya kama sitiyari ko ya hau babur.

Goron nan kuwa wari kaɗai yake ɓoyewa. Hanta ce ke narkar da giya, kuma ba ta gaggawa: babbar kwalba ɗaya takan ɗauke ta awa 2 zuwa 3, ba kuwa shayi ko kofi ko wankan ruwan sanyi da zai sa ta sauri. Kafin lokacin, ido ya rage auna nisa, ƙafa tana makara wajen taka birki, zuciya kuwa tana gaya wa mai ita bai taɓa ƙwarewa kamar yau ba.

Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana iya tare shi ta ci shi tara. Hisba tana iya fasa kwalabe. Duk an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin gobe jikinsa zai sake nema.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, yana iya rasa ransa. Cikin yini guda hannu zai fara karkarwa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Wani yakan faɗi kamar mai farfaɗiya. A kwana na 2 ko na 3 wani yakan ruɗe, ya riƙa ganin abubuwan da babu su. A nan ne dangi kan ce iska ce ta taɓa shi, a ɗaure shi a kai gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019: mutane ɗaruruwa, da yawansu cikin sarƙa. Alhali kuwa likita ya san wannan hali sarai. Yakan kwantar da shi da magani irin su diyazefam, ya ba shi sinadarin tayamin don kare ƙwaƙwalwa, bayan ya farfaɗo kuma akwai magungunan rage ƙwaɗayinta, tare da zaman nasiha na watanni. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau don irin wannan ma aka gina su, sai dai mu mun laƙaba musu sunan gidan mahaukata, wa zai kai kansa?

Saboda haka ina ganin direban da aka kama a buge, bayan tara, a haɗa shi da takardar ganin likita, a kuma riƙe lasisinsa sai ya kawo shaidar ya je. Mu kuma na wannan sashe, da muke ta gardama a kan yadda za a fassara kalmomin kimiyya, ga aiki a ƙofar ɗakinmu. Mu zauna da likitocin nan mu samar wa wannan ciwo suna na Hausa wanda ba zagi ba, irin wanda uwa za ta iya faɗa wa ma'aikacin jinya a kan ɗanta ba tare da ta rufe fuska da mayafi ba, sa'an nan mu miƙa shi ga gidajen rediyo da shugabannin tashoshin mota.