Turawa Sun Sa "Suya" A Ƙamusunsu, 'Ya'yanmu Kuwa Suna Jin Kunyar Hausa



A shekarar 2020 ƙamusun Turanci na Oxford ya karɓi wasu kalmomin Najeriya. Cikinsu akwai Kannywood, da "buka" wadda asalinta bukka ce ta Bahaushe. A ƙarin da aka sanar a farkon 2025 kuma suya ta shiga. Amma tambayi yaronka da aka haifa a Legas ko Ibadan daga ina "buka" ta fito, zai ce maka Yarbanci ne.

Ba laifin yaron ba ne, laifinmu ne iyaye. Mu ne muke yi masa Turancin buroka a gida, har ya taso yana ganin Hausa harshen masu gadi da 'yan acaɓa ce kawai.

Alhali kullum yana jin Hausa a bakin maƙwabta bai sani ba. "Wahala" da kowa ke faɗa daga Legas har Fatakwal, daga Larabci ta shigo Hausa, daga nan ta bazu. Haka albasa ta zama "alubosa" a wajen Yarabawa, lafiya ta zama "alafia". Mu ma mun ci bashi: agogo, ashana, akwati da keke duk daga Yarbanci muka aro. Fataucin goro da shanu ne ya jawo wannan musaya, ba yaƙi ba. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, yau ta haura shekara 100. Ashe mu ba baƙin jiya ba ne a ƙasar nan.

Ko a harkar fim, sunan Kannywood ya riga Nollywood fitowa. Yara nawa ne a cikinmu suka san haka?

Wani zai ce ai wannan ba ya kawo abinci, gara yaro ya dage da Turanci. Gaskiya ne Turanci dole ne, Yarbanci ko Ibo ma riba ce. To amma harshe ɗaya ba ya korar wani. Yaron da ya je gida hutun Sallah ya kasa gaida kakarsa sai da tafinta, an yi asarar da jarrabawa ba ta biya.

Shawarata biyu ce. A gida, a mayar da Hausa harshen cin abinci da hira. A ƙungiyance kuma, mu ware minti 30 a taron wata-wata don kacici-kacici tsakanin yara: asalin kalmomi, sunayen Hausa Bakwai, karin magana, tarihin unguwannin da muke zaune. Kyautar littafi da biro ta isa. Dattawanmu da suka san zamanin fataucin goro suna nan da ransu, mu amfana da su tun kafin mu neme su mu rasa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya