Maganin kansa mai jiran haske, da fitsarin jinin ƴaƴanmu

Masana kimiyya sun daɗe suna neman maganin kansa da zai kashe cutar ya bar lafiyayyen jiki. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake gwadawa yanzu ita ce sinadarin da ke ɗauke da ƙarfe, wanda yake kwance a jiki ba ya aiki sai an haska shi. Ina ganin ya kamata malamai da iyaye a Tibiri da Dogondutsi da sauran ƙasar Arewa su san wannan labari, domin a cikinsa akwai darasin da ya shafi yaranmu kai tsaye.

Ƙarfe a matsayin maganin kansa ba sabon abu ba ne. A 1965, Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ya lura cewa wani sinadarin platinam yana hana ƙwayoyin cuta rabuwa. Daga nan aka samu maganin cisplatin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1978, kuma har yau ana ba masu kansa. Matsalarsa ita ce ba ya bambance maras lafiya da mai lafiya. Yana zagaya jiki duka, ya jawo amai, ya taɓa ƙoda, wani lokaci har ji ya ragu.

Dabarar haske ta zo ne don magance wannan. Ana saka maganin, a ba shi lokaci ya taru a ƙwayoyin kansa, sannan a haska wurin kawai. Ƙarfen ya karɓi ƙarfin hasken, ya miƙa wa iskar oksijin da ke cikin nama, ita kuma ta zama mai ƙuna ta hallaka ƙwayoyin da ke kusa. Inda haske bai kai ba, maganin bai tashi ba. A 2017 hukumar magunguna ta Turai ta amince da TOOKAD, mai ɗauke da ƙarfen paladiyam, don kansar prostat ta maza wadda ba ta yi tsanani ba. A Kanada kuma ana gwada TLD-1433, mai ƙarfen rutiniyam, wanda masaniyar kimiyya Sherri McFarland ta ƙirƙiro, a kan masu kansar mafitsara. Ana zuba shi cikin mafitsara ta bututu, a zura siririn zaren gilashi mai ɗauke da koren hasken leza. Wannan har yanzu gwaji ne, bai shiga kantin magani ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Haske ba ya ratsa nama sai ƴan milimita, da ƙyar ya kai santimita guda. Tsakiyar babban ƙari kuma galibi oksijin ya yi ƙaranci. Shi ya sa gwajin na Kanada yake kan kansar da ke saman bangon mafitsara, wadda ba ta kutsa cikin tsoka ba. Wato maganin na wanda aka gano cutarsa da wuri ne. Mu kuwa, kowa ya san yadda ake yi a nan: sai an gama zagayen masu saiwa da rubutu, ƙafa ta kumbura, jiki ya ƙare, sannan a hau mota zuwa Doso, daga can a tura mutum Yamai. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai sai a 2021 ta fara gashi da na'ura. Ko gobe aka sauke sabon maganin a can, wanda ya zo a makare ba zai amfana ba.

To me ke hannunmu? Tsargiya. Tsutsar da ke kawo fitsarin jini tana girma a cikin dodon-koɗin ruwan da ke kwance, irin tabkunan da damina ke bari a Dallol Mawri, ta shiga ta fatar yaro mai wanka ko mai shayar da dabbobi. Ƙwayayenta suna maƙale wa bangon mafitsara, suna gurzarsa shekara da shekaru. Hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Irin kansar da take kawowa kuma galibi sai ta yi zurfi ake gano ta, inda haske ba zai kai ba. Amma har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar jinin fitsarin yaro alamar balaga, a yi dariya a wuce.

Maganin tsargiya kuwa yana nan, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu bisa awon tsayin yaro. Wasu iyaye na hana ƴaƴansu sha saboda jiri ko ciwon cikin da yakan biyo baya, alhali idan yaro ya ci abinci kafin ya sha, abin na raguwa. Roƙona ga iyaye shi ne ranar rabo a ciyar da yaro a turo shi, kuma duk wanda aka ga jini a fitsarinsa, yaro ko babba, a kai shi asibiti a wannan makon.

Malamai, ku ma kuna da rabo. Kuna koyar da cewa koren ganye yana kama hasken rana da sinadarin da magniziyam ke tsakiyarsa, jini kuma yana ɗaukar oksijin da baƙin ƙarfe. TOOKAD daga dangin wannan sinadarin na ganye aka samo shi, aka musanya ƙarfen tsakiya. Ku haɗa wa ɗalibi darasin da tabkin bayan gari, ku kuma gaya masa cewa fitilar da wani ɗan kasuwa zai haska wa mutum da sunan maganin kansa damfara ce, domin babu sinadarin, babu likita, babu awo.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Aikin ɗakin gwaji na masana ne, za su kai shi inda za su kai. Namu shi ne kada yaron da ke fitsarin jini yau ya kai shekara hamsin da mafitsarar da babu hasken da zai cece ta.