Wa Ya Ba Taga Izinin Ƙwace Alƙalami?

Komai yawan tagogin da ke buɗe a kan allon kwamfuta, guda ɗaya ce ke karɓar abin da yatsu ke bugawa. Mu kira ta taga mai riƙe da alƙalami. Akasarin masu koyar da kwamfuta suna gaya wa ɗalibai cewa hanya ɗaya ce ta miƙa wannan alƙalamin: a kai kibiya kan taga, a danna linzami. Wannan koyarwa gurguwa ce, kuma mai nazarin harshe na cikin waɗanda ta fi cuta.

Dannawa kafin rubutu al'ada ce da wasu kamfanoni suka zaɓa. Macintosh na 1984 ya bi ta, Windows ya bi ta, har jama'a suka ɗauka ba a taɓa yin wata ba. Alhali a tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984 ɗin, an daɗe ana aiki da wata hanya: duk tagar da kibiya ta sauka a kanta, ita ke karɓar rubutu, ba tare da an danna komai ba. Manhajar twm ta 1987 haka take aiki. Daga baya fvwm ta yaɗa wani salo mai sassauci, inda taga ke ci gaba da riƙe alƙalami ko da kibiya ta zame zuwa fili, har sai ta shiga wata tagar.

A dubi ɗalibin da ke fassara daga Faransanci zuwa Hausa. Ƙamus na buɗe a taga guda, matanin asali a ta biyu, fassararsa a ta uku. A tsarin dannawa, da zarar ya taɓa tagar fassara sai ta yi tsalle ta rufe ƙamus, domin an ɗaure abubuwa biyu wuri guda: karɓar rubutu da fitowa gaba. Babu dalilin da ya wajabta ɗaurin. A GNOME da KDE na Linux ana iya raba su, mutum ya riƙa rubutu a tagar da rabinta ke ɓoye, idonsa na kan ƙamus. Windows ma ya ajiye zaɓin kunna taga ta hanyar ɗora kibiya a kanta, sai dai ya binne shi cikin saitunan sauƙaƙa amfani, inda ɗalibi ba ya leƙawa sai an nuna masa.

Masu kare dannawa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce hannu kan ture linzami, kibiya ta zame, rubutu ya faɗa wata taga. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne salon nan mai sassauci da ɗan jinkiri kafin alƙalami ya sauya hannu, kuma KDE na barin mutum ya sa jinkirin da ya ga dama. A kan Mac kuwa jerin umarni na can saman allo, don haka kibiya kan ratsa wasu tagogi kafin ta isa. A nan dannawa ta fi dacewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mai da dacewar wuri guda doka a ko'ina.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan. Mutum na tsakiyar jimla, sai wata taga ta faɗo ba sallama ta ƙwace alƙalami. Haruffan da ya buga sun tafi inda bai aike su ba. In kalmar sirri yake bugawa, tana iya bayyana a fili. In kuwa yatsansa ya sauka kan maɓallin amincewa a daidai lokacin, ya yarda da abin da bai karanta ba, wataƙila ma sake kunna na'ura alhali bai adana aikinsa ba. Manhajar da ke yin haka ba ta da ladabi, kuma mai shirya ta ya fifita saƙonsa a kan aikin mai na'ura. KDE ya tanadi matakan hana wannan ƙwace. A ɗaga su.

Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin dalili. A Nijar da Kamaru da Chadi madannan Faransanci suka fi yawa, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kansu, sai an sauya tsarin madannai. Windows da GNOME duka suna da zaɓin kowace taga ta riƙe nata tsarin. Wanda ya kunna shi, tagar fassara za ta tsaya kan Hausa, ta ƙamus kan Faransanci. Wanda bai san wace taga ke riƙe da alƙalami ba kuwa zai rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa", "bari" inda yake nufin "ɓari", kuma mai gyara ba zai karɓi uzurin na'ura ba.

Saboda haka ɗalibi ya buɗe saitunan tagogi a makon nan, ya gwada bin kibiya na kwana bakwai yana aikin fassara. In bai ji daɗinsa ba ya koma dannawa, amma ya koma da sani. Malaman kwamfuta kuma su koyar da hanyoyin biyu tun darasin farko.