Gani Ya Kori Ji

Yawancinmu mutanen Darini da Batsari da Safana ba mu taɓa ganin teku ba. Amma 'yan'uwanmu da ke tafiya cin rani Ikko sukan komo da hotuna. A ciki mukan ga ruwa iyakar ganin ido, da masunta suna jan koma, da mata suna ƙyafe kifi. Ni a ganina, ɗaukar irin waɗannan hotuna aiki ne mai amfani ƙwarai, muddin an yi shi da ladabi.

Amfaninsa kuwa shi ne, bakin ruwa ba ya dawwama yadda yake. A Ikko an yi wata gaɓar teku mai suna Bar Beach, inda jama'a ke zuwa shan iska. Teku ta yi ta cin ƙasar wurin. Wajen shekarar 2008 aka soma cike shi da yashi, don a gina sabuwar unguwa. Yau wanda ke son ya san yadda wurin yake a da, sai ya duba hoto.

Haka kuma Tafkin Cadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Hotunan da aka ɗauka daga sama su ne shaida.

To, amma mutum ba dutse ba ne, balle a ɗauke shi ba sallama. A Makoko, wata unguwar masunta a Ikko, an kafa gidaje kan turaka bisa ruwa. Baƙi sukan shiga cikin kwalekwale su yi ta ɗaukar yara, ba su tambayi iyayensu ba. Wannan rashin kunya ne. Kai za ka so baƙo ya leƙo gidanku haka?

Saboda haka, yara, in Allah ya kai ku bakin ruwa, ko da madatsar ruwa ta Zobe ce kusa da Dutsin-ma, ku fara yin sallama. Ku nemi izini. In an ƙi, ku haƙura. In an yarda, ku nuna wa mutum hotonsa, sa'an nan ku rubuta sunan wurin da ranar. Wata rana jikokinku za su gode muku.