Abin da Ke Kashe Kifi a Ruwan Kwance

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a ba ni ɗan filin nan da na saba, domin in yi wa 'yan'uwa masu karatu bayanin wani al'amari wanda ya kan jawo zargi tsakanin masunta da manoma da makiyaya a ƙasar Boɗinga da Shagari, watau mutuwar kifi a ƙarshen bazara.

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san galibin ruwan wannan yanki na kwance ne: tafkunan fadama, da kududdufai, da madatsar da aka gina a Shagari a kan Gawon Gulbi. Ruwan saman da a ke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, alhali kuwa rana da iska su kan shanye kusan mita 2 daga fuskar tafki. Saboda haka kafin watan Afrilu ruwa ya janye, ya yi zafi. A irin wannan lokaci ne a kan wayi gari a ga kifi birjik a gaɓa, ciki sama, sai a ce wani maƙiyi ya zuba guba. Sau da yawa ba wanda ya zuba kome.

Ga yadda abin ya ke. Kifi ma numfashi ya ke yi, da iskar nan da masana ke kira oksijin, wadda ta narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa a miya. Amma ruwa marowaci ne wajen riƙe ta. Lita guda mai sanyin digiri 20 ba ta ɗaukar fiye da miligiram 9, in kuwa ta kai digiri 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. Ga shi kuma zafi na ƙara wa kifi bukatar iska. Kogi mai gudu ya kan sha iska yana tafiya. Tafki kuwa sai abin da ya samu ta sama, da wanda tsirai suka ba shi.

To, a nan ne gansakuka ta shigo. Takin zamani da ke gangarowa daga gonakin albasa, da kashin shanu a mashaya, da ruwan wanki, duk abincinta ne, har ruwa ya koma kore shar. Da rana tana ba da oksijin, masunci ya ga kifi na walwala ya yi murna. Da dare ya yi sai ta daina bayarwa, ta shiga sha tare da kifin. Shi ya sa ba a cika ganin mutuwar nan da la'asar ba, sai da asuba.

Akwai wanda ya fi wannan muni a wuri mai zurfi. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka da bazara na sama ya kan zauna bisa na ƙasa ba su gauraya. A can ƙasa ganye da matacciyar gansakuka suna ruɓewa, su cinye iskar ƙaf, su bar wani wari kamar na baragurbi. Ran da hadarin fari ya taso da guguwa da ruwan sanyi, sai tafki ya juye kamar an tuƙa tuwo, ruwan ƙasa ya hau, kifi ya rasa inda za ya sa kansa. Abin mamaki, ruwan da manomi ke roƙo shi ne wani lokaci ajalin kifin maƙwabcinsa.

Ban ce ba a zuba guba ba. Kowa ya ji labarin masu kama kifi da gamalin, maganin ƙwarin da ƙasashen duniya suka yi ittifaƙin hanawa a 2009, kuma mai yin haka ya cancanci hukunci. Amma akwai alama mai rarrabewa, ina so malaman makaranta su koya wa yara. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iska daga sama, gaiwa ma har cikin busasshen taɓo ta kan yi rani. Idan aka ga manyan kifaye sun fara mutuwa, ƙanana sun taru a sama suna haki da asuba, tarwaɗa kuwa tana nan garau, kuma abin ya lafa da hantsi, to, ƙarancin iska ne. Idan kuwa tarwaɗa ta mutu tare da ƙananan kifaye da ƙwarin ruwa, ba ruwan abin da dare ko rana, sai a nemi mai laifi, kuma kada a ci kifin.

Roƙona ga hakimai da sarakunan ruwa shi ne a bar ciyawa ta tsaya tsakanin gona da gaɓa don ta tare taki, a keɓe wa dabbobi mashaya guda, kāna a kame manyan kifaye kafin hadarin fari ya riga masunta.

Haza wassalam.