Sayen Sabo Ba Shi Ne Tattali Ba

Mu mutanen Nima da Maamobi ba baƙi ba ne a sha'anin soja. Kakanninmu sun cika rundunar da Turawa suka kira ta Hausawa tun ana kiran ƙasar nan Gold Coast, yau kuma jiragen soja bisa rufinmu suke wucewa. Muna da bakin magana.

Ranar 6 ga Agusta 2025, jirgi mai saukar ungulu ƙirar Z-9 ya tashi daga Accra zuwa Obuasi, ya faɗi a dajin Adansi. Mutum takwas suka rasu, cikinsu har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, Allah ya jiƙansu. Rahoton binciken ya ce jirgin lafiyarsa lau, iska mai dannowa ƙasa ce ta rinjaye shi, amma ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya kusanci tudu. Jirgi ne da aka sayo daga Sin a 2015. Shekara goma ke nan, ba a ƙara masa wannan ido ba.

Abin da muke tuhuma ɗabi'a ce. Shugabanninmu, na kowace jam'iyya, suna son ranar karɓar sabon jirgi, da fareti da hotuna. Ba wanda ke yanka kyalle don an sa wa tsohon inji na'ura, shi ya sa ba mai waiwayarta. Alhali nan kuɗin yake. Na'urar da ke auna girgizar inji tana nuna ƙarfen da ya fara gajiya, a canza shi kafin ya lalata na kusa da shi. Na'urar kwaikwayon tuƙi tana horar da matuƙi ba tare da an ƙona mai ba, ba tare da an ci sa'o'in inji ba. Kowane bakanike a Nima ya san abin da ke faruwa da direban da ke ƙyashin canza baƙin mai.

Ga kuma tarkace: Mi-17 daga Rasha, Z-9 da K-8 daga Sin, C-295 daga Sifen. Kowanne da nasa kayan gyara, da nasa injiniyoyi, da nasa littafi. Da yaƙin Yukren ya jawo wa Rasha takunkumi, samun kayan jiragenta ya zama aiki.

Za a ce babu kuɗi, ƙasa ta shiga shirin IMF a 2023. To, mai bashi ne ya fi kowa buƙatar lallaɓa abin hannunsa. Ba mu ce kada a sayi sabo ba. Muna so majalisa, kafin ta amince da kowace kwangila, ta tambayi nawa sa'a ɗaya ta tashin jirgin za ta ci, wa zai gyara shi a nan Accra, kuma nawa aka ware don sabunta na'urorinsa bayan shekara biyar.